Raya Ƙasar Da Ta Mutu: Aikin Da Ke Gaban Mutanen Suki Bayan Yaƙi

  

Ya 'yan uwa Musulmi, yau za mu duba halin da 'yan uwanmu Hausawan Sudan suke ciki, musamman na garin Suki da ƙauyukan da ke gaɓar Shuɗin Nilu da yankin Jazira. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya isa Wad Madani a Disambar wannan shekarar. A ƙarshen Yunin 2024 ya isa Sinja, babban birnin jihar Sinnar, kuma a Yuli garin Suki ya faɗa hannun RSF. Sojoji sun karɓe Suki da Dindir a Oktoban 2024, suka karɓe Sinja a Nuwamba, sannan Wad Madani a Janairun 2025. Tun daga lokacin mutane suke ta komawa gida daga Gadarif da Kasala da Damazin da sauran wuraren da suka yi gudun hijira, alhali yaƙin bai ƙare a sauran sassan ƙasar ba.

Wanda ya koma gida, abin da zai fara tambaya bayan gaisuwa da ta'aziyya shi ne gona. Manomi ba shi da albashi, gonarsa ce albashinsa. To amma gonar da ya gudu ya bari ba ita ce ya dawo ya tarar ba. A wata akwai harsashin da bai fashe ba, wata tana maƙwabtaka da ɗakin ajiyar tsohon maganin ƙwari, wata kuma magudanar da ke kai mata ruwa ta toshe, ƙaya ta cinye ta. Abin da muke son nunawa shi ne raya irin wannan ƙasa yana da tsari da malamanmu na fiƙihu suka daɗe da shimfiɗawa: a fara da kawar da cuta, a dawo da ruwa, kuma tun kafin garma ta shiga a san wane ne mai haƙƙi. Idan aka tsallake wannan na ƙarshe, ƙasar za ta gyaru, amma mutanen da suka gyara ta ba za su zauna lafiya a kanta ba.

Yadda Hausawa suka zo wannan ƙasa

Ɗalibanmu da yawa sun san Sudan a matsayin ƙasar karatu, amma ba su san yadda danginmu suka kafu a can ba. Hanyar aikin Hajji ta ƙasa ita ce ta fara kai mutanenmu, wasu su tsaya neman guzuri shekara da shekaru, har su yi aure su haifi 'ya'ya. Sai kuma hijira babba bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a, kuma bayan 'yan shekaru suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau. Daga nan ƙauyukan Hausawa da Fulani da Barebari suka yi ta tsira a bakin kogin, ta wajen Suki da Sinja har zuwa Rusairis.

A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, suka buɗe aikin noman rani na Jazira domin auduga. Da aka ƙara masa yankin Manaƙil, faɗinsa ya haura feddan miliyan 2, kuma feddan ɗaya ya ɗara eka kaɗan. Ana raba ƙasar gona-gona, kowace ana kiranta hawasha, ruwa yana gangarowa daga manyan magudanai zuwa ƙananan da manoma ke kira Abu Ishirin. Aikin noma na Suki ya zo daga baya, a farkon shekarun 1970. Ƙarami ne idan aka gwada shi da Jazira, kuma da famfuna ake ɗago masa ruwa daga kogi. Ana noma auduga da gyaɗa da dawa. Ban da wannan, mutanenmu sun yi suna da kamun kifi da noman bakin kogi, wanda a can ake kira juruf.

Mu da Allah Ya nufa da yin karatu a Sudan shekaru da dama da suka wuce, mun ziyarci waɗannan garuruwa, mun yi salla a masallatansu, mun ci tuwo a gidajensu. Hausar da dattawansu ke yi takan tuna wa mutum maganar kakanninsa. Saboda haka abin da ya same su ya same mu.

Abin da ke kwance cikin ƙasa

Cuta ta farko ita ce ragowar makamai. A kowane yaƙi akwai harsasan igwa da rokoki da gurneti da ake harbawa ba su fashe ba. Suna kwance cikin ciyawa, ko laka ta binne su bayan damina, kuma shekaru ba sa kashe su. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne yaron da ya ga ƙarfe mai ƙyalli ya ɗauka abin wasa ne, da mai tara ƙarafa domin sayarwa, da makiyayi, da manomin da ya cinna wa kara wuta domin sharar gona, da direban tarakta da garmarsa ke tono ƙasa. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kwance nakiyoyi, UNMAS, ta sha yin gargaɗi ga masu komawa Khartum da Jazira da Sinnar. Sudan tana da cibiyarta ta ƙasa mai wannan aiki, kuma ba sabon abu ba ne a gare ta, domin kafin wannan yaƙi an share jihohin gabas irin su Kasala da Gadarif daga sanannun filayen nakiya. Sai dai ma'aikatan kaɗan ne, ƙasar tana da faɗi, kuma a al'ada birane ake fara sharewa kafin a waiwayi gonakin ƙauye.

Cuta ta biyu ta girmi yaƙin. Tun shekarun 1940 aka fara fesa wa audugar Jazira maganin DDT, daga baya feshi ya koma na jirgin sama, ana yi sau da dama a shekara. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 yawan feshi ya kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, sai farin ƙuda ya yi yawa ya lalata ingancin audugar. A farkon shekarun 1980 aka daina amfani da DDT a noma, amma daina feshi bai ɗauke abin da ya rage a ɗakunan ajiya ba. Ganguna suka yi tsatsa, suka yoye, ƙasar wurin ta sha. Sanannen misali shi ne ma'ajiyar da ke kusa da Hasahisa, inda aka binne tarin tsofaffin magunguna a cikin shekarun 1980, kuma masanan Sudan suka yi ta bincike a kan ƙasar wurin. Sudan tana cikin yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda aka yi domin kawar da irin waɗannan sinadarai masu daɗewa.

Ya kamata ɗalibi ya fahimci yadda wannan guba take aiki. Ba ta narkewa sosai a ruwa, tana manne wa ƙasa shekaru, kuma tana taruwa a cikin kitse. Akuyar da ta yi kiwo a wurin takan tara ta a jikinta, ta fito a nononta, yaro ya sha. Kaza da ke tono a wurin takan tara ta a ƙwanta. Wasu amfanin gona, musamman dangin kabewa, sun fi sauran zuƙo ta daga ƙasa. Ba lallai mutum ya sha ya faɗi nan take ba, shi ya sa mutane ke raina ta. Yaƙi kuwa yana ƙara wa wannan haɗari ƙarfi, domin duk inda aka fasa ɗakin ajiya, gangar da aka zubar da abin cikinta takan ƙare a wani gida ana tara ruwan sha, jarkar kuma a zuba mata man girki.

Cuta ta uku ita ce mutuwar hanyoyin ruwa. Shuɗin Nilu yana gangaro da laka daga tsaunukan Habasha duk damina, kuma idan ba a yashe magudanai akai-akai ba sai su cike. Tun kafin yaƙi manoman Jazira suke kuka da wannan, musamman bayan dokar 2005 da ta sauya tsarin tafiyar da aikin, ta rage hannun hukuma, ta ɗora nauyi a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Manomin da ke ƙarshen magudana shi ya fi shan wahala, domin ruwa yakan ƙare kafin ya iso shi. A Suki kuwa, famfo yana buƙatar wuta ko man dizal da kayan gyara, kuma ranar da ya tsaya gona ta tsaya. Ƙasar da aka bari ba ruwa ba noma sai itacen miskit ya mamaye ta. Wannan itace mai ƙaya an shigo da shi Sudan tun 1917 domin tare hamada, dabbobi suka yaɗa irinsa, har ya zama annoba a Sabuwar Halfa da Tokar, gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Inda ruwa ya kwanta cikin magudanar da ta toshe kuma, sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya sukan samu gida. An taɓa yin babban shirin lafiya na Shuɗin Nilu daga 1979, aka rage zazzaɓin cizon sauro ƙwarai, amma da shirin ya ƙare sai cutar ta dawo.

Abin da malamanmu suka shimfiɗa

A littattafan fiƙihu akwai babi guda da ake kira Ihya'ul Mawat, wato raya matacciyar ƙasa. Asalinsa hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, mai nuna cewa rayawa tana ba da haƙƙin mallaka, kuma wanda ya yi shuka cikin ƙasar wani bisa zalunci ba ya samun haƙƙi da shukarsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, ya rubuta risala a kan wannan babi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya tattara sabubban da ke sa mutum ya keɓanta da ƙasa. Ke nan kakannin mutanen Mai Wurno sun zo Sudan da wannan ilimi a cikin gafakarsu.

Malaman Malikiyya sun lissafa ayyukan da ake ƙirgawa a matsayin rayawa: fito da ruwa, ko kawar da ruwan da ya mamaye wuri, ko gini, ko dashe, ko huɗa, ko sare kurmi, ko fasa duwatsu da daidaita ƙasa. Wanda ya duba wannan jeri zai ga kusan rabinsa cire abin da ya hana ƙasa amfani ne. Idan sare kurmi da fasa dutse rayawa ne, to kwance nakiya da kwashe gurɓatacciyar ƙasa da tumɓuke miskit da yashe magudana duk suna cikin ma'anar babin. Sun kuma ce kewaye wuri da shinge kaɗai ba rayawa ba ne. Alƙali Abu Yusuf ya ruwaito a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya yanke wa mai shinge wa'adin shekara 3, kuma an ruwaito cewa ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Haris sashen kwarin Aƙiƙ da ya kasa nomawa, ya raba wa Musulmi, duk da cewa Manzon Allah (SAW) ne ya yanka masa.

Akwai ƙa'idoji guda biyu a wannan babi da suka shafi Suki kai tsaye. Ta farko, ƙasar da ke kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba a mazhabar Malik, domin tana iya zama makiyayar gari ko wurin itacensu ko harabar rijiyarsu. Imamu Abu Hanifa ma ya shardanta izinin a ko'ina. Ta biyu, kuma wannan ita ce muke son kowane limami ya maimaita a kan mumbari: gonar da mai ita ya gudu ya bari saboda tsoron ransa ba matacciyar ƙasa ba ce. Tana da mai ita, ko yana sansanin gudun hijira, ko ya rasu ya bar marayu. Ciyawar damina biyu ba ta goge haƙƙi. Wanda ya shiga gonar maƙwabcinsa da hujjar cewa ya tarar da ita kango, ya tuna da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim a kan azabar wanda ya ƙwace ko da taƙi ɗaya na ƙasa. Idan yana son noma ta, ya nemi mai ita ko magadansa su ƙulla yarjejeniya a gaban shaidu.

Sannan ga ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda malamai suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta, da ƙa'idar cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da janyo amfani. Addinin da ya sanya kawar da ƙaya daga hanya cikin rassan imani, ya kuma tsine wa mai ɓata mashayar mutane, ba zai yarda a haƙa rijiya a gefen ma'ajiyar guba ba, ko a sayar wa mutane ganyen da aka noma a kanta ba tare da an faɗa musu ba. Ɓoye aibin kaya algus ne, ko da aibin ba ya ganuwa da ido.

Darasi daga Zamfara

Domin mu gane muhimmancin tsari, mu dawo gida Najeriya mu tuna abin da ya faru a Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yar Galma, saboda gubar dalma. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna daka su, ƙurar tana bin tsakar gida, yara suna rarrafe a kai. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Likitocin sun fahimci cewa ba amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, domin jininsa zai sake cika. Saboda haka aka fara da ƙasa. Aka auna kowane gida da na'ura, aka kankare saman ƙasar da ta gurɓata, aka kai ta ramin da aka tanada nesa da gari, aka zubo sabuwa mai tsabta, sannan magani ya biyo baya. Mutanen ƙauyukan ne aka koya wa aikin suka yi da hannunsu, sarakuna kuma suka ba da umarnin a fitar da dakan duwatsu daga cikin gari. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin gyaransa, kuma duk tsawon jiran yaransa suna cikin gubar.

Mutanen Suki za su iya ɗaukar abu biyu daga nan. Ɗaya, ƙasa tana gyaruwa, kuma talakan ƙauye yana iya aikin idan an koya masa an ba shi kayan kariya. Biyu, jiran gwamnati yana da tsada, saboda haka abin da jama'a za su iya yi da kansu, kamar gano wuraren haɗari da killace su da hana yara da dabbobi shiga, bai kamata ya jira kowa ba. Amma akwai iyaka. Harsashin da bai fashe ba, ba aikin gayya ba ne, sai ƙwararru. Tsohon maganin ƙwari ma ba a ƙona shi a fili, ba a binne shi, ba a zuba shi a kogi. Sake masa ganga ake yi a kai shi inda ake ƙona shi da wuta mai tsananin zafi, kamar yadda aka yi wa tarin da ke Habasha da Mali da taimakon hukumar abinci ta FAO.

Wa zai ci amfanin ƙasar da aka gyara?

A nan ne maganar take da nauyi. Dokar 1970 ta Sudan ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, kuma mafi yawan ƙasar da mutanen karkara suka gada bisa al'ada ba ta da rajista. Ma'anar wannan ita ce ƙauye zai iya noma wuri shekara 70, ranar da aka ga wurin ya yi daraja a yanka wa mai jari. Bayan yaƙi baitulmali ya bushe, kuma gwamnati za ta nemi masu zuba jari daga ciki da waje. Ba mu ƙin jari, domin famfo da tarakta ba da addu'a kaɗai ake sayensu ba. Abin da muke tsoro shi ne talaka ya tumɓuke ƙaya, ya yashe magudana, ya binne ɗansa da nakiya ta kashe, sannan wani ya zo da takarda daga birni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma mutanen kanabi, wato unguwannin ma'aikatan gona da ke gefen magudanan Jazira. Kakanninsu sun zo daga yammacin Sudan da Chadi da ƙasashenmu domin tsinkar auduga, kuma har yau da yawansu ba su da takardar filin da suke kwana a kai, balle hawasha. Su ne suka fi kusa da ruwan magudana da feshin magani, su ne kuma suka fi nisa da asibiti. A Janairun 2025 an kai hari a Kambo Ɗayyiba da ke Jazira, aka kashe mutane bisa zargin goyon bayan ɓangare ɗaya, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta abin da ya faru. Duk shirin farfaɗo da Jazira da ya bar waɗannan mutane a matsayin baƙi a ƙasar da suka yi ƙarni suna nomawa, ya bar garwashi a ƙarƙashin toka.

Ba mu manta da 2022 ba. A Yulin wannan shekara rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi na samun sarautar gargajiya tasu. Ya taɓa Rusairis da kewayenta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Adalci ya wajabta mu faɗi cewa maƙwabtan ma suna da tsoronsu, domin su ma sun ga manyan gonakin inji da ruwan madatsar Rusairis sun ci ƙasar kakanninsu. Talaka biyu ne aka bari suna faɗa a kan abin da ya rage. Maganin wannan shi ne a rubuta haƙƙin kowa a fili, manomi da makiyayi da masunci, da sanin sarakunan kowane ɓangare, kafin ƙasar ta yi daraja. Rabon da aka yi lokacin da wuri yake kurmin ƙaya ya fi sauƙi a kan wanda za a yi bayan ya yi kore.

Rawar masallaci da ɗalibai

A lokacin yaƙin nan duniya ta ga yadda mutanen Sudan suka ciyar da junansu ta hanyar takaya, wato tukunyar unguwa, wadda da yawanta a harabar masallatai da zawiyoyi ake ɗora ta. Suna kuma da al'adar nafir, wadda ita ce gayya a wurinmu. Wannan tsari da ya ciyar da mutane shi zai iya jagorantar gyaran ƙasa.

Limami yana da minti goma a kowace Juma'a da babu wata hukuma da take da irinsu. Ya faɗa wa jama'a cewa baƙon ƙarfe ba a taɓa shi, ba a jifansa, ba a ɗauke shi domin kai wa hukuma. A koma ta sawun da aka zo, a sa alama daga nesa, a sanar da masu aikin. Ya ja kunnen masu sayen tsofaffin ƙarafa, domin kuɗinsu ne ke tura yara daji. Ya gaya wa iyaye mata cewa gangar maganin ƙwari ba ta wankuwa, ko an wanke ta da sabulu sau bakwai.

Ɗalibai kuwa su ɗauki littafi da biro su bi dattawa. Dattijon da ya yi aiki a gonar gwamnati ya san inda ake ajiye magani, da inda ake cika tankin jirgin feshi, da inda ake wanke ganguna. Wannan sani yana cikin kawunan mutanen da suka haura shekara 70, kuma kullum muna yi musu jana'iza. A zana taswirar ƙauye, a nuna wuraren haɗari, a nuna gonar kowa da iyakarta, da gonakin waɗanda ba su dawo ba, da burtali da mashaya. A karanta ta a bainar jama'a, masu unguwa su sa hannu, a ajiye kwafi a masallaci. Ranar da masanan Jami'ar Jazira ko na hukumar binciken noma da ke Wad Madani suka zo auna ƙasa, za su tarar an rage musu rabin aiki. Ranar da mai takarda ya zo daga birni kuma, zai tarar da jama'a masu hujja.

Wurin da aka tabbatar yana da guba a killace shi, kada a yi masa rijiya ko makaranta ko lambu, kada a bar dabbobi su yi kiwo. Ana iya kewaye shi da itatuwan da ba a cin 'ya'yansu domin su tare ƙura. Miskit ɗin da aka tumɓuke kuwa yana yin gawayi mai kyau, kuɗinsa zai iya biyan masu aikin, amma wajibi ne a cire shi har saiwa kuma a noma wurin nan take, in ba haka ba zai dawo ya fi da.

Sai maganar kuɗi. Manomin da ya dawo hannu rabbana, idan bai samu iri da man famfo ba, zai faɗa hannun masu shel, waɗanda ke ba shi kuɗi kaɗan da damina su karɓi buhunansa da arha a kaka. Sudan tana da Diwanin Zakka da hukumar waƙafi, kuma bankunanta sun daɗe suna aiki da cinikin salam. Muna kira ga masu hali a cikinmu, a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Makka da Madina, masu dangi a can da waɗanda ba su da, su yi tunanin waƙafin famfo mai aiki da hasken rana ga manoman bakin kogi, ko asusun iri da ake ranta ba ruwa a mayar bayan girbi. Buhun abinci yana ƙarewa cikin wata guda, famfo kuwa yana shayar da gona shekaru, ladan yana gudana.

Mu ma mu duba gida

Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. A Kano akwai masana'antun da suka daina aiki a Sharaɗa da Bompai da Challawa, akwai ruwan majemu da ke bin kogi, akwai masu lambu a bakin Jakara. A arewa maso gabas akwai gonakin da rikici ya bar nakiyoyi a cikinsu. Sau nawa kwamitin masallaci ya karɓi kyautar fili, ya kafa harsashin ginin makarantar Islamiyya, ba tare da ya tambayi abin da ake yi a wurin shekara 30 da suka wuce ba? Tambayar tarihin fili kafin gini tana cikin amanar da ke wuyan kwamiti, kamar tambayar alƙibla.

Muna roƙon Allah Ya kashe wutar yaƙi a Sudan, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, Ya tsare yaransu daga abin da ke ɓoye cikin ƙasa. Allah Ya ba shugabanninsu da namu ikon yin adalci a rabon ƙasa, Ya sanya albarka a gonakin Suki da Mai Wurno da Jazira baki ɗaya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.